Abin da Ɗigo Ke Yi Kafin Ya Ɓace

Da rana ina ƙirga ɗigo a Asibitin Nassarawa,
ashirin a minti ɗaya,
idona kan roba, kunnena kan numfashin mai jinya.
A can ɗigo ma'aikaci ne,
ba ya wasa, ba ya waiwaye.

Da dare kuwa, a Gyaɗi-Gyaɗi, in an sallame Isha'i,
sai in rataye robar ƙarin ruwa a ƙusar labule,
in girka tasar Inna a ƙasa,
wadda bakinta ya ɓantare tun ina goye.
Ruwan na ɗan garuwa ne, da kuɗina na saya.
In ɗiga masa shuni,
ɗan ƙullin da Malam Sabi'u ya ba ni a Ƙofar Mata
yana cewa, "Zane nawa wannan zai rina?"
Na ce, "Ruwa zan rina."
Ya dube ni, ya dubi karofi, bai ƙara ba.

Kyamarar ta hannu ce,
ta sha duniya kafin ta iso gare ni,
murfin batirinta da salatif yake tsaye.
Nazifi ƙanena ke riƙe fitila,
yana hamma, yana marin sauro:
"Yaya Barira, wai me kike nema a ciki?"

Ɗal. Na makara.
Ɗal. Na riga shi, tasa kawai na ɗauko.
Ɗal. An ɗauke wuta,
unguwa ta yi tsaki baki ɗaya,
janareton maƙwabta ya fara tari.

An ce mai haƙuri kan dafa dutse.
Ba wanda ya ce zai kama ruwa a tsaye.

Ɗari uku da sittin na ɗauka daren Laraba,
duk hazo, duk fatsi-fatsi,
har yatsana ya daina jin maganata.
Sai guda.

Zo ka gani, Nazifi.
Ruwa ya miƙe da ƙafa ɗaya kamar zalɓe,
ya ɗora malafa a ka,
gefenta tsakiyoyi goma sha ɗaya, na ƙirga,
ɗaya ta ɓalle tana shirin tafiya.
Ɗigon baya ne ya tarar da na gaba yana dawowa,
suka yi karo a hanya,
gaisuwar da ba ta kai ƙiftawar ido ba.

Na matso da hoton, na ƙara matsowa.
Cikin wadda ta ɓalle ga ɗakinmu a kife:
labule, fitila, rabin fuskar yaro mai jin barci,
da wata mace ta sunkuya,
ɗaurin kallabinta irin na Inna sak.

Ban ce komai ba.
Nazifi ya ce, "Kamar ba ruwan rijiyar Ɗan'azumi ba."
Na ce, "Shi ne."

Shekara nawa ke nan yana yin haka a tasar nan,
a bakin indararo, a gindin randa,
ba mai kallo, ba mai tafi?

Na juye shuɗin ruwan a gindin lallen tsakar gida,
na kife tasar ta tsane.
Gobe aikin safe gare ni.
Akwai wata tsohuwa a gado na bakwai,
takan tambaye ni me nake murmushi
in na tsaya ina duban robarta.