Aron Faifai

Lahadi da asuba a bakin tekun Chennai,
masunta na jan koma, hankaki na gardama,
ni kuwa ina jera takalma a kan yashi,
su ne iyakar fili, su ne layin cin maki.
Ba alƙali, ba usur, ba kuɗin shiga,
kowa ɗan wasa ne in ya yarda da faɗuwa.

Sai na hango ta can gefe ta tsaya cak,
silifa a hannu, farar rigar asibiti,
idonta na bin faifan roba a iska
kamar mai leƙen bikin da ba a gayyace shi ba.
Na san wannan tsayuwa.

Haka Ilango ya tsaya mana bara waccan.
Muka ce shigo, ya shigo da murna,
ya yi gudun awa guda, hannu a sama,
yana kira, gumi na zuba har diddige,
ba wanda ya jefa masa ko sau ɗaya.
Gwani na neman gwani,
ni ma ina ciki, ba zan ɓoye ba.
Daga baya na gan shi a tashar bas ta Adyar,
ya kau da kai, na kau da nawa,
kunya ta hana mu gaisuwa.

Don haka na taka har inda take.
"Sunanki?" "Kalaivani. Kallo kawai nake yi."
"Mun rasa mutum ɗaya," na ce, ƙarya ce,
mu goma sha biyu ne cif, na zaunar da kaina.
Dokar ba ta da yawa, na ce mata:
kada ki yi gudu da shi a hannu,
kafin a ƙirga goma ki nemi ɗan'uwa.

Na farko ya daki goshinta.
Na biyu iskar teku ta sace shi.
Na uku ya zame kamar sabulu a ruwa.
Senthil ya ja tsaki, mai son nasara,
na tuna masa ranar da ya fara zuwa,
da ya jefa faifai cikin kwandon mai kifi.
Ya sosa ƙeya, ya juya, ya aika mata na huɗu
a hankali, kamar mai miƙa jariri,
ta rungume shi da hannu biyu
ta kwasa a guje, ta manta da doka,
aka fashe da dariya, har ita,
ba wanda ya ɗaga murya don hanawa.

Da rana ta ɗaga muka yi da'ira,
kafaɗa da kafaɗa, yashi a gashin kowa,
kowa ya faɗi sunanta, ta ji ya zauna.
A rumfar Murugesan muka sha shayin citta,
na ciro tsohon faifaina mai tsaga a baki.
"Aro ne, ba kyauta ba. Lahadi ki kawo min."
Baƙo ko gayya yana iya mantawa,
amma mai riƙe da kayan wani
da wuya ya ƙi dawowa.

Lahadi ta zo, ba ta zo ba.
Wata ta zo, ina ta waige har aka tashi.
Na ce to, faifai ya bi Ilango.

Ta uku, ana yayyafi, mu bakwai kacal,
sai ga shi ya taho ta bayana,
yana rawa, a karkace, amma ya iso.
"Aikin dare ne ya riƙe ni," ta ce,
sannan ta nuna wata can gefe ta tsaya cak,
silifa a hannu, tana sunkuyar da kai.
"Ta ce kallo kawai take yi.
Na gaya mata mun rasa mutum ɗaya."

Na duƙa na ƙara faɗin fili,
ban ce komai ba,
na miƙa mata faifan, nata ne jefawa.