Faifan Babana a Gwanjo

Ƙarfe biyu da kwata na dare a Detroit,
dusar ƙanƙara ta binne motar maƙwabci har madubi.
Ni da jikata Renita mun ƙura wa waya ido
kamar masu jiran sakamakon asibiti.

Kaka, ga sunansa, in ji ta.
Na sa tabarau. Na gani:
kwali ruwan toka, kusurwa ɗaya ta ɗan lanƙwashe,
can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe,
Orville Tillery, mai busa ƙaho.

Dala dubu huɗu da ɗari biyu.
Saura minti goma sha ɗaya.

Guda ɗari uku aka buga, shekarar da aka haife ni.
Dala talatin da biyar aka ba shi, da farantin wake.
Da asuba ya wuce masana'antar mota,
leɓe a kumbure, ya ɗaure noti har la'asar.
Kamfanin faifan ya mutu kafin ciyawa ta tsiro.
Waɗanda suka yi kwantai
mai gidan hayarmu ya toshe tagar ɗakin ƙasa da su,
wai sun fi jarida tare sanyi.

Dubu biyar.

Mai sayarwa ya rubuta: ba karce, ba tabo,
allura ba ta taɓa hawa kansa ba.
Wai kirari ke nan.
Shekara sittin da ɗoriya numfashin babana na kulle a kwali,
ba kunnen da ya ji,
kuma shirun nan ake saye.

Na taya. I, na taya.
Kuɗin gyaran rufi na zuba, da na haƙori.
Daƙiƙa huɗu faifan ya yi a hannuna.
Sai wani marar fuska, harafi biyu da taurari,
ko daga Osaka, ko daga Hamburg,
ya tsallake ni kamar kwata.

Dubu bakwai da ɗari takwas da hamsin.
An rufe.

Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.
Na faɗa a fili, Renita ta yi shiru.
Tukunyar ɗumama gida ta yi tari sau biyu.

Ina da nawa, ai.
Yana bayan kabad, tsakanin takardun haraji.
Gindin kofi ya bar zobe a kan kwalin,
a fuska ta biyu akwai karce mai zurfi:
aikina ne, ina 'yar shekara biyar,
na so in ga inda Baba yake ɓuya a ciki
na bi layin da cokali mai yatsu.
Wani masani a kanti ya juya shi gaban fitila,
ya ce dala takwas, don mutunci.

Na hure ƙura. Na ɗora allura.
Ƙas, ƙas, kamar ana suya a ɗaki na kusa,
ganga ta shigo a hankali,
wani ya yi gyaran murya a baya,
sannan ga shi,
yana jan iska kafin ya busa.
Na san wannan jan iskar.
Da ita yake fara faɗa, da ita yake fara dariya.

Mutumin Osaka, ko wane ne kai,
ban riƙe ka ba.
Tsohuwar zuma ce ka saya, to yi magani da ita.
Ciro shi. Bari allura ta ci rabonta.
Kada ka mayar mini da uba kayan gilashi.

Mun iso karcen.
Sauti uku, ya koma. Sauti uku, ya koma.
Renita ta miƙa hannu za ta tura allurar gaba,
na kama wuyan hannunta.

Bar shi, na ce.
Nan ne bai tafi ba tukuna.