Mai Riƙe Tsani

Ni ne yaron da ke riƙe tsani.
Shekara tara ina kallon duga-dugansa,
fenti na ɗigo mini a ka,
yau shuɗi, gobe ruwan ɗorawa,
har a gida aka daina tambayata,
an san daga inda nake: wurin Malam Inuwa.

Shagonsa na Rafindadi bai kai rumfar mai goro ba.
Gwangwanayen madara cike da launi,
buroshin da ya ɗaure da gashin wutsiyar taure,
da tagar da ya fasa a bangon arewa,
don hasken gabas, in ji shi, maroƙi ne,
ya cika zuzutawa.

Akuyar nan ta littafin aji biyu,
mai yagaggen kunne, mai cin shanyar mutane,
ba daga kansa ta fito ba.
Ta Goggo Lantana ce, maƙwabciyarsa.
Kwana uku muna lallashinta da harawa
kafin ta amince da tsayawa.

Littafi ya dawo daga maɗaba'a.
Sunan marubuci a bango, ɓaro-ɓaro.
Na ji haushi, shi ko ya yi dariya:
"Tare ɗan firamare a hanya ka tambaya,
jimlar ya riƙe ko akuyar?"
Nasa sunan na can ƙasan shafi, kamar tururuwa.

Wata shekara wani dattijo ya yi masa nasiha
kan zanen abu mai rai. Bai yi musu ba.
Ya yi littafi guda ba dabba ko ɗaya:
sawun jaki a laka, tsinkakkiyar igiya,
gashin zabuwa a bakin rijiya,
ƙwarya a kife, nono na malala.
Yara suka cike sauran da kansu,
kowa da irin kyanwar da ya ga tana tserewa.

Da dare kuma, dandali.
Buhun fulawa arba'in tela ya haɗe,
muka shafe da farar ƙasa da ƙaro,
kafin la'asar ya tsayar da gari a kai:
soro, kuka, da lungu mai lanƙwasa
wanda ɗan wasa ya taɓa nufa da gudu,
ya sha karo da bango, mata suka ɗau shewa.

Wata kuwa faifai ne da farar takardar kwalin shayi,
ni ke jan zarensa a bayan labule.
Ruwan sama, gero ne bisa tire.
Tsawa, langalanga.
Ran da wuta ta ɗauke ana tsakiyar wasa
ya jera fitilun ƙwai huɗu a bayan zanen,
garin ya kama haske daga cikinsa.
Ba wanda ya tashi, ba wanda ya yi tari,
mai gyaɗa ma ta manta da sayarwa.

Sai bidiyo ya shigo, dandali ya koma ɗakin ajiyar siminti.
Sai yana ta rufe idon dama, ta bi na hagu.
Yakan shafa takarda da yatsa, ya ce,
"Tanimu, nan kore ne ko?" In ce e,
ko da ba kore ba ne.
Allah ya yafe mini, na kasa faɗin gaskiya don tausayawa.

Damina shida ke nan da muka kai shi makwanci.
Jiya na bi ta Ƙofar Guga a babur,
mai shayi ya kafa rumfa da wani tsohon ƙyalle,
rana ta ci, ruwa ya wanke,
amma ga reshen kukar, ga rabin soron,
ga ɗigon shuɗi inda na yi atishawa tsani ya girgiza
ya leƙo ƙasa ya kira ni sakarai.

Na biya kuɗin kofi biyu, na sha ɗaya.
Mai shayi ya ce, na biyun fa?
Na ce bar shi nan ya huce,
mai shi bai yi nisa ba,
ga mu duka zaune a inuwa.