Takardun Man Zurma

Rana ta karkata, na fito da takardu sittin,
na shafe su da man zurma gaba da baya,
na kafa kowace a tsinke bakin tsagar laka.
Ƙasar Galagu in ta sha rani
tsagewa take kamar diddigen manomi,
hannu ya shige har gwiwa bai taɓa ƙasa ba.
Can ciki wanda nake nema yake wuni.
Littafi ya ce ƙudan yashi,
ni a baƙar laka na san shi,
bai kai ƙwayar gero ba, ba shi da kuka,
sauro ma ya fi shi ladabi, yana sallama.

Jubara na biye da ni, bindiga a kafaɗa.
Ba don zaki ba, in ji shi, don mutum.
Da Larabci yake nuna mini sawu,
ni ina fassarawa a zuci da harshen kakata
wadda ta taso za ta Makka
ƙafa ta tsaya mata a Mai Wurno:
wannan gwanki, wannan gyado,
nan ɓauna ta kwanta ta bar wurin da ɗumi.
Su ce maya, mu ce fadama,
ruwan dai guda ne, kuma yana ja da baya.

Asuba na kwashe takarduna.
Ƙarƙashin madubi, da bakin allura,
ina ware mata da maza,
don matan ne ke shan jini.
Ɗari biyu da sha huɗu daga kurmin dushe da aduwa.
Tara kacal daga fili.

Tara.
Shekarun Munzali ke nan.
Ya bi Baba yankan dawa gabas, ya dawo da zazzaɓi,
ƙafafu kamar sillen kara, ciki kamar tulu,
saifa ta sauko har cibiya.
Kala'azar, in ji likitan Sinnar,
bayan mun kai shi a bayan motar albasa.
Allura ta zo ran Talata.
Shi ya tafi ran Lahadi.

Tarko na uku ya kama tunku.
Ya cika mana hanci da warinsa, ya yi daidai.
Na ɗebi jini ɗigo uku, na ɗiga masa shuni a wuya,
na buɗe ƙofa.
Bai gode ba, kuma ban ce yana da laifi ba,
sai kwalbar ta dawo daga gwaji.

Da yamma Shehu Abdulbaƙi ya aiko da shayi,
sannan ya zo da kansa.
Yara huɗu ke kwance a ƙauyensa.
Ya ce: 'Yar nan, in a dushe suke, faɗa mini,
gatari bai ƙare a gari ba,
gawayi kuma yana kuɗi.
Na dubi kurmin.
Jiya na ƙirga kwanta-rafi sha bakwai a inuwarsa,
bara talatin ne.
Saiwarsa ke riƙe bakin fadama,
in ta tafi, shanun Giɗaɗo ma sai sun sha ƙasa.
Na dubi dattijon. Idon Baba ne da shi.

Ban yi masa ƙarya ba.
Na faɗi adadin, bakina yana ɗaci.
Na ce gidan sauro mai ƙananan ido,
na ce kada yaro ya kwana a kurmi lokacin bazara,
na ce a ba ni damina biyu.
Ya juya kofinsa a tafi, ya ce:
Damina biyu yaro nawa ce?

Babu wannan a littafina.

Yau ma na shafa mai, na kafa sittin.
Fitila na lumshewa, Jubara ya yi barci a zaune.
A wuyan hannuna ga ɗan jan tabo,
ban ji lokacin ba.
Na rubuta kwanan wata a gefensa da biro,
na ci gaba da ƙirga.