Hankakan Safa

A Brno, can ƙarshen layin taragon lantarki,
akwai aji mai ƙananan kujeru,
da takalma goma sha huɗu a bakin ƙofa
suna ɗigar ƙanƙara.

Malama Blažena ta zo da safa guda,
baƙa, ta mijinta, wadda 'yar'uwarta ta ɓace a wanki.
Maɓalli biyu ta ɗinka mata, babba da ƙarami,
da baki na kwali.
Ta zura hannu, sai ga hankaka.
Cyril sunansa, in ji shi da kansa.

Wata biyu ke nan da zuwan Solomiya daga Kharkiv,
ko uffan ba ta ce ba.
Tana zaune kusa da bututun ɗumama ɗaki,
jaka a cinya, kamar mai jiran mota.
Radim kuwa hannunsa ne bakinsa:
in yana son jirgin katako, sai fizga.

Ran nan Cyril ya wafce tabarau daga hancin Malama.
Aji ya kaure da ihu,
muryar Radim ta fi ta kowa:
"Ba a haka! Tambaya ake yi!"
Malama ta cije leɓe kada ta yi dariya.
Laifi tudu ne.

Da Laraba hankaka ya ƙi fitowa.
Ya maƙale cikin hannun rigar sanyi,
maɓalli ɗaya kawai ke leƙe.
"Tsoro yake ji," in ji Malama,
"kuna magana da sauri, ba ya ganewa."
Aka yi tsit.
Sai ƙarar kujera daga wajen bututu.
Solomiya ta taho a hankali, jakar na jan ƙasa,
ta sunkuya inda kunne zai kasance
da a ce safa na da kunne,
ta raɗa masa kalma uku da harshen gidansu.
Malama ba ta ji ma'anarsu ba,
amma Cyril ya ji, ya fito.

Bayan kwana biyu ƙaramin idon ya tsinke.
Aka duba ƙarƙashin tebur, aka zazzage akwatin fenti.
Radim ne ya gan shi.
Ya daɗe tsaye, maɓalli a dunƙule cikin tafi,
sannan ya je gabanta:
"Ke riƙe kansa, ni in liƙa. Kin yarda?"
Ta kalli hannun nan da ta sani,
ta ɗaga kai sau ɗaya.
Idon ya zauna a karkace, har yau.

Da yamma Malama ta wanke safar,
ta shanya ta, tana murza wuyan hannu.

Washegari ta makara da minti biyar.
Ta tarar da su biyu a bakin taga,
kowa da safar hannu guda, ja da shuɗiya,
suna gardama kan wa zai fara gaisuwa.
Ta mai da Cyril cikin jaka,
ta je ta dafa shayi.