Hannun Malam Kiyari

Shekara uku na bi Gambo Tanimun
da ƙafar kyamara a kafaɗa,
daga Birni zuwa majema,
tun rana ba ta hau duwatsu ba.
Ba ya cewa a fara.
Jira yake har mutum ya manta da shi.

Hannun Malam Kiyari kaɗai ya ɗauka,
yatsun da bagaruwa ta rine,
fatar akuya na juyawa cikin kwatarniya.
Minti tara, ba magana.
Na ce, "Masu kallo za su gaji."
Ya ce, "Shi ya gaji?"

Lambar da aka ba shi a ƙetare
tagulla ce, kilo biyu.
Ita ke tokare ƙofar ɗakin tace hoto
in an ɗauke wuta.

Daren da muka haska a bangon makaranta,
Kiyari ya kwana arba'in a ƙasa.
Ƴarsa Fanna ta taso daga tabarma
ta dafa bango, hasken ya hau bayan hannunta.
"A mayar baya kaɗan.
Wannan tabon, ranar sunana ya same shi."

Sau huɗu Gambo ya mayar,
har man inji ya ƙare.