Labulen Goggo Dudu

A Bolari, bayan makarantar firamare,
inda ƙwallon yara ta cinye ciyawa,
nan muke kafa gora biyu ranar Asabar,
mu rataya labule, mu ce ga dandali.

Labulen ba namu ba ne.
Zannuwa huɗu ne na Goggo Dudu,
ita ta haɗe su da allura da zare:
biyu atamfa, ɗaya ya koɗe har furensa ya ɓace,
na huɗun da shi ta goyi Giɗaɗo.
Har gobe in iska ta kaɗa shi
ƙamshin ƙuli-ƙuli yake yi.

Katanga ɗaya ce tsakanina da ita.
Shekara goma sha tara turminta ke tashe na.
Ta kan katangar take miƙo garwashi,
ta nan kuma take miƙo faɗa:
"Kai Barde, furfura ta fito, kana nan kana wasan kwaikwayo?"
Sai ta kwance bakin zane,
ta zaro ɗari biyar da ta sha ninki:
"Ungo, ku sa wa janareta mai.
Kada ku bar mutane a duhu irin na wancan mako."

Ba ta taɓa hawa dandali ba.
Daga bencin gaba take yanke hukunci.
In Jauro ya fito a mai awon hatsi,
ya lotsa gindin mudu yana ta rantse-rantse,
sai ta miƙe tsaye, carbi na lilo:
"Ƙarya yake yi! Baiwar Allah, duba mudun!"
Mun sha ce mata, Goggo, ai wasa ne.
Ta ce, "A nan wasa ne. A kasuwa fa?"

Ranar Laraba turmi bai yi magana ba.
Na ce ko ta makara.
Goggon da take riga zakara.

Kafin azahar mun kai ta makwanci,
mun dawo da jar ƙasa a ƙafafunmu.
Gyaɗar da ta soya jiya tana nan a faranti,
an rasa mai hannun taɓawa.

Bayan sadakar bakwai muka zauna shawara.
Wasu suka ce a naɗe labule a kai wa magada.
Giɗaɗo ya daɗe yana kallon ƙasa.
Ya ce, "Ku bar shi inda ta bar shi.
A gida, wane ɗaki zan sa shi in iya shiga?"

Asabar ta zo.
Fili ya cika har kan katangar makaranta,
amma bencin gaba da gurbi,
daidai faɗin mace ɗaya.
Jauro ya fito da mudunsa, ya rantse,
ya dakata,
don ya saba barin wuri ga muryarta.

Shiru.
Janareta kaɗai ke gunaguni.
Daga bayan labule ina hango maƙogwaronsa
yana hawa yana sauka.

Can sai wata 'yar siririyar murya,
Adda, jikarta, da ko haƙoran gaba ba ta mayar ba:
"Ƙarya yake yi!"

Abin da ya ɓarke a filin nan,
ban san sunansa ba.
Baki na dariya, ido na zuba.

Da aka tashi, gwangwanin madara ya zaga.
Mai shayi ya jefa, mai faci ya jefa,
wata ta sa ƙwai biyu, ta ce ba ta da canji.
Ba mu da rufi, hadari in ya taso mu watse.
Ba mu da kujeru sai na aro.
To in gwangwanin ya iso gabanka, maƙwabci,
kada ka raina abin da ke tafinka.
Da ɗari biyar mai ninki
wata ta haska unguwa guda.

Allah ya haskaka kabarinki, Goggo,
yadda kika hana mu zama a duhu.

Na naɗe labule, na saɓa a kafaɗa.
Gobe da asuba, na sani,
zan sake kasa kunne ga katanga.